Ranar da Ladidi Ta Shiga Gidan Ubanta

Mamuda ɗan daudu ne mai tuyar waina a Kano, abokan zamansa Ladidi suke ce masa. Da labarin bikin ƙanwarsa ya zo daga Gumel, sai ya kaɗa wuya ya ce, "In na ɗaura zani na ja gira, ko wadda ta haife ni sai ta ce min sannu da zuwa, Hajiya." A baki ne kawai. Tun da mahaifinsa ya kore shi bai sake taka garin ba, kuma ba abin da yake so irin ya ga tsohuwarsa.

Asabe, tsohon ɗan daudun da ya tsince shi a tasha ya koya masa tuya, shi ya ciro leshinsa na ƙasan akwati, ya ɗaura masa ɗankwali, ya tura shi mota. Ya ce, "Ke Ladidi, in kin dawo ba ki gan ta ba, kada ki taɓa min tanda."

Da ya isa gida kuwa, ga mahaifin zaune a zaure da dattawa. Mamuda ya tsaya daga waje. Ƙanensa Sabi'u ya gane tafiyar nan tun daga nesa, sai ya durƙusa gaban tsohon ya tare masa ido da dogon zancen buhun shinkafa, har baƙuwa ta wuce.

Tsakar gida cike da mata. Mahaifiyarsa Inna Kande tana bin baƙi ɗaya bayan ɗaya da lale marhabin. Da ta iso kan mai leshi, sai ta kawar da kai ta wuce, ko sannu babu. Kowa ya san mutum ɗaya Inna take yi wa wannan kunya a duniya: ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa.

Ta tsaya tana kallon bango, ta ce, "A dama wa wancan fura, ya sha hanya. A kuma gaya masa ɗaurin nan ya karkace, ya zauna a gyara masa."

Mata suka tuntsire da dariya, amarya ta fito da gudu. Mamuda na tsaye, hawaye na wanke masa kwalli.

To, tsakanin Asabe, Sabi'u da Inna, wa ya dawo da Ladidi gida?