Ɗakin Girkin da Aka Hana Hura Wuta

Akwai wani mutum wanda ya yi shekaru da yawa yana aiki a birni. Da ya ajiye aiki, sai ya tattara matarsa da 'ya'yansa ya koma ƙauye, tsohon gidan mahaifinsa. Gidan ƙasa ne mai rufin azara. Mahaifin ya daɗe da rasuwa, amma mahaifiyar tana nan da ranta, ita ce take riƙe da gidan.

A tsakar gidan akwai ɗakin girki. Ƙofarsa gajeriya ce, sai mutum ya sunkuya zai shiga. Hayaƙin shekaru ya mai da bangonsa baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto daga azara, murhun kuwa duwatsu uku ne kawai. Amma a ɗakin nan aka yi renon kowa. A nan yara suke kwana lokacin sanyi, a nan ake faɗa kan ƙanzon tuwo, a nan kuma mahaifinsu yakan tara su addu'ar safe tun kunu yana kan wuta. Mutumin nan yana ƙaunar ɗakin, kada kowa ya ce ba ya ƙaunarsa.

Wata rana ya ga mahaifiyarsa ta fito daga ciki idanunta jawur, tana tari. Abin ya taɓa masa zuciya, ya ce, "Mama, kin sha wahala ya isa. Zan gyara miki ɗakin nan, ki yi girki cikin jin daɗi, mu duka mu riƙa zama tare da ke kamar dā."

Ta ce, "Ubangiji ya sa maka albarka, ɗana."

Ya kuwa cika maganarsa. Ya kira magina suka kankare bango, suka shafe shi da siminti, suka ɗaga ƙofa, suka fasa taga. Aka shimfiɗa tayil, aka rufe azara da silin, aka yi farin fenti. Ya kawo murhun gas da kabad da dogon tebur, kowa da kujerarsa. Ranar da aka gama, tsohuwa har rawa ta taka a bakin ƙofa.

Kashegari ta tashi yin tuwon dawa. Tukunyarta ta ƙasa ce, babba, ba ta zauna a kan gas ba, ita kuma tsoron gas ɗin take ji. Sai ta mayar da duwatsunta a kusurwa ta hura itace, yadda ta saba tun tana amarya. Da mutumin ya shigo ya ga hayaƙi ya ja layi a farin bangonsa, sai ya juya wajen mahaifiyarsa.

Ya ce, "Mama, ki ɗan riƙa hura itace a bayan ɗaki, kafin fentin ya gama bushewa."

Ta kwashe duwatsunta ta fita. Fenti ya bushe, amma ba wanda ya ce mata ta dawo.

Bayan wannan, turmi ya fasa tayil guda, aka fitar da turmi. Daddawa da busasshen kifi sun cika kabad da wari, aka fitar da su. Kujerar tsugunno tana karce ƙasa, ita ma ta bi sahu. Jikoki suna shigowa da taɓo a ƙafa, aka ce su tsaya daga waje. Ba wanda ya ɗaga murya, kowane abu da lallami aka kore shi, da "don Allah" da "na ɗan lokaci ne". A ƙarshe mutumin ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofa, ya jefa mabuɗi a aljihu. In ya yi baƙo, sai ya buɗe ya zagaya da shi, baƙo yana yabo, shi yana murmushi. Ku ji fa, ɗakin girki ne ake kai mutane kallo, alhali mai girkin tana bayan gida a ƙarƙashin zana guda!

Damina ta sauka. Ta sabuwar tagarsa yakan hango tsohuwa a tsugune, yayyafi yana dukan bayanta. Yakan ce a ransa, "Lalle in yi mata rumfar kwano." Yana faɗa yana kuma jin daɗin kansa, wai shi ɗa ne mai tunawa da uwa. Rumfar dai ba a yi ta ba.

Ana cikin marka ya gayyaci dattawan ikilisiya su zo su yi addu'ar keɓe sabon ɗakin, su ci abinci a kan teburinsa. Suka zo, suka yi addu'a, suka zauna. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Aka jira abinci, shiru. Kunya ta kama mutumin, ransa ya ɓaci, ya ɗauki lema ya zagaya bayan ɗaki.

Ya tarar ruwa ya kayar da zana, yana gudu ta tsakanin duwatsun murhu. Mahaifiyarsa tana durƙushe cikin taɓo, ta cire mayafinta ta rufe tukunya da shi, tana hura jiƙaƙƙen itace da baki, jikinta yana karkarwa. Matarsa tana riƙe da faifai a kan wutar da ta riga ta mutu. Ya tsaya a ƙarƙashin lemarsa, a bushe, kuma abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Mama, dattawa suna jira."

Ta ɗago kai ta dube shi, ta ce, "Na sani, ɗana. Wutar ce ta ƙi."

Daga ranar zazzaɓi ya kwantar da ita. Labari ya kai ga ƙanwarsa, wadda take aure a ƙauyen da ke gaba. Ta zo, ta ga uwarta, ta zagaya ta ga inda ake girki, sa'an nan ta tsaya a gaban ƙofar da ke da kwaɗo.

Ta ce, "Yaya, wa ka gyara wa ɗakin nan?"

Ya ce, "Mama mana."

Ta ce, "To, mabuɗin yana hannun wa?"

Ta ɗaure kayan tsohuwa, ta tafi da ita gidanta, inda ɗakin girki na ƙasa ne, hayaƙi yana fita ta inda ya ga dama.

Gida ya yi tsit. Yara suka riƙa sulalewa zuwa wurin kakarsu, ba sa dawowa sai an aika. Sai a lokacin mutumin ya gane abin da ya yi, ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya cire kwaɗon ya jefar, ya mayar da turmi, ya jera duwatsu uku a kan tayil da hannunsa, ya tara itace. Ya tafi ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa ya roƙe ta ta dawo.

Ta ce, "Na yafe maka. Zan zo in gaishe ku ranar Lahadi."

Ta kuwa zo bayan an tashi sujada. Ta tuɓe takalmanta tun daga nesa, ta yi sallama a ƙofar ɗakin da ta yi girki a cikinsa tun kafin a haife shi. Ta zauna a bakin kujera, hannuwanta a kan cinya, ba ta taɓa kome ba.

Ya ce, "Mama, ga itace, ga murhunki. Ki hura wuta, ki yi yadda kike so."

Ta dubi farin bangon, ta ce, "A'a, ɗana. Kada in ɓata maka."

Kafin rana ta faɗi ta yi musu sai an jima, ta koma.

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗakin girkin nan gidajenmu ne, kuma majami'armu ce. Tsohuwar ita ce kowane mutum da muka ce dominsa muke gini. Hayaƙin kuwa shi ne ɗawainiyar da zama da mutane yake kawowa: kukan jariri ana tsakiyar wa'azi, tarin tsoho, manomi da ya shigo da ƙasa a ƙafa, gwauruwa da ba ta da zanen zumunta irin na sauran mata.

Gyara ba laifi ba ne. Allah bai ce mu zauna cikin ƙazanta ba. Amma ni abin yana ba ni haushi in ga mun sa tayil a majami'a, sa'an nan mun koma muna harar waɗanda suka ɗebo ƙasa a ka aka yi tubalinta na fari. Mun sayi kujeru masu laushi a falo, iyayenmu suna zaune a dakali. Ba mu taɓa ce wa kowa ya fita ba. Da kallo muke korarsu, da "matsa can kaɗan", har su koyi tsayawa a bakin ƙofa. Sa'an nan mu kira fasto ya keɓe wa Ubangiji ginin, sai ka ce bango Ubangiji ya zo ya ceta.

Mutumin nan ya tuba, an kuma yafe masa, amma ya riga ya koya wa uwarsa zama baƙuwa a gidanta, cire kwaɗo bai warware wannan ba. Saboda haka kowa ya tambayi kansa yau, wa na fitar bayan ɗaki da sunan na ɗan lokaci? In ka san shi, kada ka jira Lahadi mai zuwa. Tashi ka shigo da shi tun yana ganin gidan nasa ne.