Ranar da Nuraddeen ya ce mahaifiyarsa 'yar aiki ce

Akwai wani mutum a Jidda mai suna Nuraddeen, haifaffen tsohuwar unguwar Balad, jikan mahajjatan da suka zo daga Kano suka zauna. Yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Bagdadiyya. Mutum ne mai son a gan shi tsaf, farar jallabiyarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga. A ofis Larabci yake yi zalla. In waya ta shigo daga gida, sai ya fita waje ya amsa da Hausa ƙasa-ƙasa.

Mahaifiyarsa, Hajiya Sauda, tana zaune a unguwar Mahjar. Da tiren gyaɗa ta yi masa karatu, shekara da shekaru tana zama a bakin kasuwar Balad.

Wata Asabar kamfani ya shirya wa ma'aikata da iyalansu yawon buɗe ido a tsaunukan Shafa, can gaba da Ɗa'ifa. Matar Nuraddeen cikinta ya tsufa, ba za ta iya hawan dutse ba. Hajiya ta ji labari ta ce, "To kujerar ta tafi a banza? Ni fa sanyin nan a bakin mutane kawai nake jin sa." Ya so ya hana ta, ya rasa ta inda zai fara.

Tun daga hanya tsohuwa take murna. Ta ga birai a kan duwatsu ta yi dariya, ta ga hazo ya rufe mota ta yi salati.

Da aka sauka, ɗan jagora mai suna Hatim ya tara su. "Tafiyar awa biyu ce zuwa tafki. Kowa ya bi sawuna. Yalla!"

Wasu iyalan sun zo da 'yan aikinsu, suna baya riƙe da kaya. Hajiya ma tana baya, rungume da fulas ɗin shayi da rigar sanyin ɗanta. Sai Dalal, matar manajansu Mish'al, ta dubi Nuraddeen ta ce, "'Yar aikinku ce? Ko za ta taimaka mini da kwandon nan?"

Kalma ɗaya ta isa ta gyara zancen. Amma Nuraddeen ya dubi manaja, ya dubi abokan aikinsa, ya ce, "Eh. Ta daɗe a gidanmu."

Hajiya ta ji, don Larabcinta ya fi nasa tsufa. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta miƙa hannu ta karɓi kwandon.

Haka aka kama hawa. Hatim yana nuna musu gonakin furen wardi da tsofaffin gidajen dutse, ana ta ɗaukar hoto. Nuraddeen bai ga komai ba. Abin da yake ji kawai numfashin mahaifiyarsa a bayansa. Sau uku ya juya zai karɓi kwandon, sau uku ya fasa.

A wurin hutawa ta zuba wa kowa shayi. Da ta zo kansa ta rusuna ta ce, "Tafaddal, ya ustaz," wato "Bismillah, Malam." Ya karɓa ya ajiye a gefe. Ni kaina da nake rubuta wannan, wallahi kunya ta kama ni.

Suka isa tafkin, ruwa kore shar a tsakiyar duwatsu. Hatim ya ce kada kowa ya taka duwatsun bakin ruwa, akwai santsi. Amma Mish'al ya so hoto da iyalinsa, Nuraddeen kuwa ya yi wuf ya karɓi wayar don ya burge. Yana ja da baya, yana ja da baya, sai ji aka yi tsundum.

"Nura! Wayyo ɗana! Ya waladi!"

Kwando ya tafi can, fulas ya tafi can. Tsohuwar da ke jan ƙafa ɗazu ta riga kowa isa, ta shiga ruwa har gwiwa. Nuraddeen ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba sai ranar.

Hatim ya miƙa sanda ya jawo shi. Ta cire mayafinta ta lulluɓe shi, tana share masa fuska tana kuka.

Dalal ta toshe baki da hannu.

Mish'al ya tako a hankali. "Ya Nuraddeen, wannan mahaifiyarka ce?"

Ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

Mish'al ya juya wurin Hajiya. Ya sunkuya ya sumbaci kan tsohuwar, ya ce, "Ki yafe mana, ya Ummi." Ya cire rigar sanyinsa ya yafa mata. Har aka sauko tana dafe da hannunsa, matarsa na ɗauke da kwandonta. Nuraddeen yana can ƙarshen layi, jallabiya ta manne a jiki, ba wanda ya waiwaye shi.

A mota ya zauna kusa da ita yana neman kalmar da zai fara da ita. Sai ta riga shi. Ta matso da bakinta kusa da kunnensa, don kada kowa ya ji Hausar.

"Ka yi haƙuri," in ji ta. "Na yi ƙoƙari in riƙe maka har mu koma gida. Da na ga ka faɗa ruwa ne bakina ya suɓuce. Allah ya sa ban ɓata maka aikinka ba."

Nuraddeen ya kifa kansa a cinyarta ya fashe da kuka, duk motar na ji.

Darasi: Kada ka ji kunyar wadda ta wahala a kanka don ka samu shiga wurin mutane. Su kansu mutanen, ranar da suka gane, kai za su raina, ita za su girmama. In taka tana raye, ka nuna ta da alfahari tun yau. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.