Kukun da Ya Ba Taba Ɗakin Mahaifinsa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, kuku ne, kuma ba ƙaramin kuku ba. Shi ne shugaban kicin a wani babban otal. Ba zan kama sunansa ba, don ba tonon asiri ya tara mu ba. Na daɗe ina ba da irin waɗannan labarai har bakina ya gaji, amma tunda ba a daina aikatawa ba, mu ma ba mu ga ta yin shiru ba.

Mahaifin mutumin nan mahauci ne, a hannunsa ya koyi wuƙa. Shi ya nuna masa cewa ba a sayen wuƙa don ƙyalli. Sai ka riƙe ta ka ji nauyinta, ka ɗora ta a yatsa daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙota, ka ga ko za ta zauna ba ta rinjaya ba. Ka duba ko ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, don wadda aka liƙa mata ƙota wata rana za ta ba ka kunya. Shi ya koya masa jiƙa dutsen washi a ruwa har ya daina kumfa, a fara da mai kaushi a gama da mai santsi, a kwantar da bakin wuƙar kaɗan, a ja ta a hankali ba da fushi ba.

Kukun nan ya riƙe wannan karatu da kyau. Kowace safiya kafin a kunna wuta, yana tsaye gaban dutsensa. In ya gama sai ya ɗora wuƙar kan tumatir, ta shige da nauyinta kawai. Ma'aikatan kicin suna tsokanarsa cewa da wuƙaƙen nan suna cin abinci, da su zai fara zuba wa kafin matarsa. Shi ma dariya yake yi. Allah ya ba shi hannu, ya ba shi harshe mai gane gishiri, ya ba shi hanci mai jin nama tun daga bakin ƙofa.

Da tsohon ya gaza, ciwon ƙirji ya kama shi, ido ya fara rauni, sai ɗan ya ɗauko shi ya kawo gidansa. Ya ba shi ɗakin da ya fi kowanne sanyi, wanda wata bishiya ta yi wa inuwa, rana ba ta dukan bangonsa. Har nan, wa zai ce mutumin nan bai kyauta ba?

Wata rana wani attajiri ya ci abinci a otal ɗin, ya ji daɗi, ya sa aka kira masa wanda ya dafa. Ya yaba masa, sannan ya ciro wata taba daga aljihu ya miƙa masa. Ba sigarin da kuka sani ba ce. Mai kauri ce kamar babban yatsa, ganye zalla aka naɗe da hannu. Kukun bai taɓa shan taba ba, amma ya ji nauyin mayar da hannun kyauta baya. Da aka tashi hutun rana, ya zauna a bayan kicin kan wani kwandon da aka kife, ya kunna. Ya yi tari, idonsa ya yi ruwa, amma a ransa ya ji yau ya shiga sahun manya.

Mutum ne da ba ya yin abu rabi da rabi. Yadda ya koyi wuƙa, haka ya duƙufa ya koyi taba. Ya san ba a gutsure kanta da haƙori, akwai ɗan abin yankanta. Ya san da doguwar ashana ake kunnawa, ana juya tabar a hankali ba tare da harshen wuta ya taɓa ta ba. Ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake riƙe shi a juya sannan a saki. Ba a kaɗe tokar, sai ta faɗi da kanta. Ya sayi akwati na itace mai ƙamshi, da soso a ciki da ake jiƙawa da tataccen ruwa, da wani abu kamar agogo mai allura da ke nuna laima. In tabar ta bushe ganyen ya tsage ya yi ɗaci, in ta jiƙe da yawa ta yi fumfuna. Akwati ɗaya ya haifi wani, wani ya haifi wani.

Da zafi ya shigo, sai ya ga allurar tana sauka. Ya buɗe akwati ya tarar wasu sun fara tsagewa. Ya zagaya gidan da akwatin a hannu yana neman inda ya fi sanyi, bai samu ba sai ɗakin mahaifinsa.

Ku saurara da kyau, ya 'yan uwa. Taba ba ta zama inda ake shafa man zafi, tana ɗaukar wari. Tsohon kuwa kullum ƙirjinsa da man zafi. Dole ɗaya ya bar wa ɗaya. Sai kukun ya kwashe tarkacen da ke wani ɗan ɗaki a bayan gida, jikin murhu, mai taga kamar tafin hannu, ya shimfiɗa katifa.

Matarsa ta tare shi ta ce Baba fa ba zai iya numfashi a can ba. Ya ce na ɗan lokaci ne, kafin zafi ya wuce. Da ya je ya gaya wa tsohon, yana kame-kame, tsohon bai bar shi ya wahala ba. Ya lalubo sandarsa da butarsa ya ce, "Duk inda ka ajiye ni, ɗana, ai gidanka ne."

Zafi ya wuce, wani zafin ya dawo, tsohon yana nan a ɗakin baya. Kullum in kukun ya dawo gida, sai ya fara shiga ya duba allura, ya jiƙa soso, ya juya tabar ta ƙasa ta koma sama. In ya fito, daga tsakar gida yake ɗaga murya ya ce Baba ya jiki, ba ya tsayawa jin amsa. Matar ce ke kai wa tsohon ruwa, tana yi masa fifita, har ta gaji da magana ta sa wa mijinta ido.

Ranar nan ƙanwar kukun ta zo gaishe da mahaifinsu. Ta same shi zaune a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf da gumi, yana fifita da gutsuren kwali, numfashinsa yana fita kamar mai fito. Ta leƙa ɗaki mai sanyi ta ga akwatuna a jere kan tebur, an lulluɓe su da ƙyalle mai tsabta. Ba ta yi hayaniya ba. Ta jira yayanta ya dawo ta ce, "Yaya, zan tafi da Baba. Gidana ƙarami ne, amma ba ni da akwatin da zan ba ɗaki."

Kun san abin da ya ji a ransa da motar da ta ɗauki tsohon ta tashi? Sauƙi ya ji. Ya ce zai je ya gan shi ranar hutu. Ranar hutu ta zo ya ce gobe. Goben nan ba ta waye ba.

A hankali harshensa ya fara mutuwa bai sani ba. Ya ɗanɗana miya ya ji salam, ya ƙara gishiri. Faranti ya fara dawowa daga wurin baƙi ba a ci rabi ba, shi kuwa ya ce baƙin yanzu ba su san abinci ba. Ma'aikata sun lura, amma wa zai gaya wa shugaba? Wuƙarsa tana nan da kaifinta, sai ya ɗauka shi ma yana nan yadda yake.

Aka shirya wata babbar liyafa a otal ɗin. Kifin da aka kawo ya kwana a firjin da ya lalace. Mataimakinsa ya ce kamar kifin nan ya juya. Kukun ya ɗaga ya sunsuna, bai ji komai ba. Maimakon ya ce hancina ya daina aiki, sai ya ce ya fi shekarun mataimakin a gaban wuta, a dafa. Aka dafa, aka ci. Washegari mutane da dama suna kwance a asibiti, har da masu ciki da tsofaffi. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, amma mai otal bai ko ba shi kujera ba. A tsaye ya sallame shi. Labari ya zagaya, babu kicin ɗin da ya sake buɗe masa ƙofa.

Yana zaman gida sai wani ɗan miki ya fito masa a gefen harshe. Ya ce haƙori ne ya cije shi. Miki ya ƙi warkewa, ya ci gaba da shan tabarsa ta ɗaya gefen bakin. Sai da haɗiyar ruwa ta gagara matarsa ta ja shi asibiti. Likita ya duba ya ce an makara, in ana son ransa sai an yanke mafi yawan harshen. Aka yanke. Ya tashi da rai, amma magana ta tafi. In ya buɗe baki, wani gurnani ne ke fita wanda ko matarsa sai ta yi ta canka.

A gadon asibitin nan, da babu aiki babu taba, sai mahaifinsa ya dawo masa a rai. Yana samun ƙarfin taka ƙasa ya yi wa matarsa nuni ta kai shi gidan ƙanwarsa.

Da hantsi suka isa. Tsohon yana zaune kan tabarma a inuwa, ya rame, idon ya rufe gaba ɗaya, hankalin ma yana zuwa yana tafiya. Kukun ya durƙusa a gabansa ya kama ƙafarsa. Tsohon ya ce wane ne. Ya buɗe baki zai ce ni ne, Baba, ka yafe mini. Ba abin da ya fito sai gurnani da miyau.

Ƙanwar ta matso kusa da kunnen tsohon ta ce, "Baba, Yaya ne ya zo."

Tsohon ya girgiza kai, ya yi murmushi, ya juyo wajen mutumin da ke riƙe da ƙafarsa ya ce, "Bawan Allah, kada ka kula ta. Ɗana kuku ne, babban kuku. Aiki ne ya yi masa yawa, shi ya sa bai zo ba. Amma yaron kirki ne. In ka gan shi, ka ce ina gaishe shi."

Haka ya yi ta zuwa, yana zama a gefen tabarmar a matsayin baƙo, tsohon yana ba shi labarin ɗansa, har Allah ya karɓi ran tsohon. Kalmar nan guda ta neman gafara bai taɓa samun faɗarta ba.

Ya 'yan uwa, ba sai na tsawaita ba. Tabar ta cinye masa harshe, wannan kowa ya gani, kuma mai sha ya ji. Amma tun kafin ta taɓa harshen ta riga ta gama da zuciyar. Kada wani ya ce ni ai ba na shan taba. Kai mene ne naka? Me kake fara dubawa in ka shiga gida, kafin ka leƙa tsohonka ko tsohuwarka? Wa ya samu wuri mai sanyi a gidanka, wa aka tura baya? Allah ya haɗa haƙƙinsa da haƙƙin iyaye, kuma alhakinsu ba ya jiran lahira.

Wanda nasa suke raye, yana da ƙafa, yana da baki, ya tashi daga nan ya tafi yau. Wanda nasa suka rigaya, ya yawaita musu addu'a.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu gama da su lafiya. Kada ya bar mu da son zuciyarmu, kada ya karɓe mana baki kafin mu nemi gafara. Allah ya kiyaye mu.