Sunan Dodo Kaucecan

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wani Dodo ne, sunansa Kaucecan. Ya tare rijiyar wani gari. Ba mai jefa guga sai ya ba shi akuya.

Ran nan sai ya ce, "Ni fa ban san ma'anar sunana ba. Ba mai shan ruwa sai an gaya mini."

Sai aka turo maroƙi Tankari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai in ka taho, giwa ma kaucewa take can gefe!"

Dodo ya ji daɗi, ya ba shi akuya. Amma bai ɗaga ba.

Sai aka turo boka Barmo. Ya zana ƙasa, ya ce, "Wannan yaren aljannu ne. Nufinsa, zakin da ya haɗiye tsawa."

Dodo ya ba shi akuya biyu.

Sai mai unguwa ya ga ana rabo ba shi. Ya naɗa rawani, ya zo ya ce, "Sunan wani sarki ne, kakan kakanka. Mu ma da ku dangi ne."

Dodo ya kumbura kamar kwaɗo. Ya ce, "Kowa da tasa. A kira Innata ta zaɓi ta gaskiya. Gari duka ya taru!"

Sai ga tsohuwar Dodanniya tana dogara sanda. Aka jera mata maganganun nan uku. Ta yi tsaki.

Ta ce, "Wane sarki? Wace tsawa? Ba mu ma yi maka suna ba, ubanka ya cinye ragon tun da asuba. Kai kuwa kwaɗayi gare ka. Ina tuwo, kana bakin murhu da majina. In ce, kauce can! Ina kwashewa, in ce, kauce can! Har maƙwabta suka ɗauka sunanka ke nan."

Sai wata mai tulu ta tuntsire da dariya. Sai kowa ya kwashe.

Dodo ya ce, "Inna, a gaban mutane?"

Ta ce, "Ƙishirwa nake ji. Kauce can!"

Sai ya sunkuyar da kai, ya kauce. Mata suka jefa guga. Aka waiga neman maroƙi da boka, tuni sun ja awakinsu. Mai unguwa kuwa ya ce shi da ma bai taɓa haɗa dangi da Dodo ba.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Wanda ya san farkonka, ba ka yi masa kuri.