Garaya da Uwarsa Faifai

Dalilin da ya sa kifin tekun nan da muke kira Garaya, mai faffaɗan kai da doguwar wutsiya, yake kwana cikin yashi, ku matso ku ji.

A da, Garaya shimfiɗaɗɗe ne kamar uwarsa Faifai. A ƙasan teku suke zaune, kaguwa ce abincinsu. Kullum kifayen shak, manyan mafarautan teku masu kaifin haƙora, na giftawa ta samansu, kowa na ba su hanya, shi kuwa yana kallonsu yana jin kunyar gidansu.

Ran nan ya sami wata tsaga tsakanin duwatsu biyu, ya cusa wutsiyarsa, ya dinga ja da baya yana matse jikinsa. Jiki ya miƙe siriri kamar na shak, har ƙayoyi biyu suka tsaya masa a gadon baya. Kai ne ya ƙi shiga. Da ya gaji ya zaro jikinsa, ya haura sama wurin shak, ya ce shi ɗan'uwansu ne daga wani teku. Suka karɓe shi.

Faifai ta yi ta neman ɗanta, har ta iske shi a tsakiyarsu, ta riƙo masa kaguwa.

Ta ce, "Ɗan nan, ka rame. Ungo ka ci."

Wani shak ya ce, "Wace ce wannan?"

Garaya ya kawar da kai ya ce, "Ban san ta ba."

Nan take shak ɗin ya kai mata cizo, ya yage mata gefe. Ta sulale ƙasa.

Akwai wani dattijon shak da ya zuba wa Garaya ido. Ya ce, "Yaro, juya mu ga cikinka."

Garaya ya juya. Dattijon ya ce, "Mu tsagogin numfashinmu a gefen wuya suke. Naka ga su a ƙasa kusa da bakinka, irin na matar nan. Mahaifiyarka ce ka tsaya aka ciza."

Suka yi kansa, ya gudu ƙasa, bai san inda zai ɓuya ba. Sai ya ji ana watsa masa yashi. Faifai ce, da yagaggen gefenta, ta rufe shi ruf, ido kawai ta bar masa. Shak suka zaga, suka wuce.

Ta ce, "Sun tafi. Tashi."

Ya ce, "Inna, ba zan iya haɗa ido da ke ba."

Ta ce, "To, yi kwanciyarka. Ina nan."

Shi ya sa har yau in kun ga Garaya, wutsiyarsa ta shak ce, amma in aka birkice shi, a dangin Faifai ake sa shi. Yana nan kwance cikin yashi, bakinsa a ƙasa, bai tashi ba.