Jarumin da Ba Ya Cin Tuwo da Kowa

Akwai wani mai gyaran keke a Gyaɗi-Gyaɗi, Garzali, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Duk mako sai ya sayi mujallar hotuna ta wani jarumi mai kwat da malafa, wanda ke kayar da ƙarti goma shi kaɗai, ko malafarsa ba ta karkacewa.

Sannu a hankali Garzali ya koma tafiya irin tasa. Ya daina zama a dandali, ya daina zuwa aikin gayya. Da maza suka ja jiki, matansu ma suka ɗauke ƙafa daga gidan.

Matarsa Uwani daga ƙauye aka kawo ta, ga ta da kunya, karatunta bai wuce haɗa baƙi ba. Wuni take ita da kaji. In kaɗaici ya ishe ta, sai ta jawo mujallun ta yi ta kallon hotuna.

Damina ta kawo kai, rufin ɗakinsu na ƙasa ya tsattsage. Al'adar unguwar, a kira gayya, a dafa tuwo, a gama yaɓe wuni guda.

Malam Ƙasimu magini, wani dattijo daga Tarauni, ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Garzali, yaushe za mu hau maka soron nan? Gabas ta fara baƙi fa."

"Baba, ku huta. Ni kaɗai na isa."

"To, na cikin takarda! Allah Ya ba da sa'a."

Kwana uku yana kwaɓa ƙasa, yana hawa da kwando a ka, ba mai miƙo masa, ba mai riƙe tsani. Uwani ta ce a hankali, "Maigida, ko in riƙe maka?"

"Kin taɓa ganin an riƙe wa jarumin nan tsani?"

Ran na huɗu da hantsi tsanin ya zame. Uwani ta ji tim, ta fito ta tarar da shi a ƙasa, ƙafa ta karye, rabin rufi a buɗe, hadari na haɗuwa. Yana cije leɓe ya ce, "Kar ki kira kowa."

Ta dube shi, ta dubi sama. Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gidan ba, ta yafa mayafi ta fito ba takalmi, ta tsaya a tsakiyar layi ta ce, "Jama'a, ku taimaka mana!"

Ba wanda ya tuna mata da abin da ya wuce. Wani ya hau keke ya ɗauko Malam Ƙasimu da mai ɗori. Maza suka jeru ana miƙa ƙasa hannu da hannu, mata suka shigo da tukwane. Kafin la'asar an gama, aka gyara indararo, sannan ruwa ya kece.

Aka kai tuwo zaure. Garzali na kwance a ɗaki, ƙafa a ɗaure da karare, yana jin dariyarsu, ya juya fuska bango.

"Kin kunyata ni, Uwani. Shi jarumin ba ya neman taimako."

Ta daɗe tana murza bakin zaninta, sannan ta ce, "Maigida, ni ban iya karatun ba sosai. Amma na duba hotunan nan kaf. Ban ga inda ya ci tuwo da kowa ba. Ba uwa, ba maƙwabci, ba mai ce masa sannu. Ni tausayi yake ba ni."

Ruwa na sauka a sabon rufi, ko ɗigo babu a ɗaki.

Can ya ce, "Ki ce su shigo da kwanon nan ciki."

Darasi: Jarumin takarda ba ya karaya don ba shi da ƙashi. Kai kana da shi, kar ka raina mai riƙe maka tsani. Ku isar da labarin nan ga wanda ke ganin shi kaɗai ya isa.