Gungumen da ke Cikin Madatsa

"Zauna, Sibdu! Na kama sunan wani ne? Cewa na yi an yi wani mutum."

"Yaba Pogbi, duk ɗakin nan an san wanda kike nufi. Ki bar ubana ya huta a kabarinsa."

"To, ke kika faɗa, ba ni ba."

Haka muka fara ranar Juma'a a ɗakin karatun mata, ni Pogbi da suke kira Yaba, wato kaka, da Sibdu. Ga abin da na gaya musu, na rubuta don waɗanda ba su zo ba.

An yi wani mutum a garin nan, shekarar da fari ya kashe shanu har ungulu suka ƙoshi suka bar nama. Gwamnati ta aiko injiniya daga Wagadugu da buhunan masara, aka ce mu tare kwari da hannunmu mu yi madatsa. Aka raba ganuwar madatsar unguwa-unguwa. Maza na haƙo yumɓu, mu mata muna ɗauka a daro. A zuba kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Injiniya ya ce ko tsinke kada ya shiga ciki. Naba, sarkin garinmu, kuma ya yi alkawarin rago ga unguwar da ta fara gamawa.

Mutumin nan shi ne shugaban aikin unguwarsu. Ba naman ragon yake so ba, so yake a ce shi ne. Ranar kasuwa da tsakar rana, kowa ya tafi, ya jawo gungumen kaɗanya uku da jakinsa, ya shimfiɗa su a rabonsa, ya rufe da ƙasa. Aikin mako biyu ya tashi a yini ɗaya.

Ina bayan tsamiya ina kallo. Kada ku tambaye ni abin da ya kai ni, sawun wata da wani nake bi. Na faɗa a rijiya, na faɗa wa matar Naba. Sai a ce, "Pogbi ce? Ba ita ta ce liman na rina gemu ba?" Aka yi dariya aka wuce. Bakina ya riga ya zubar da darajarsa a kan banza, da gaskiya ta zo ba mai saye.

Damina ta sauka. Ya 'yan uwa, wanda bai ga ranar nan ba bai ga ikon Allah ba. Inda muke tonon yashi muna kwalfar ruwa da ludayi, sai ga ruwa iyakar ganinka, sama ta kwanta a cikinsa. Tsofaffi suka tsaya suna kuka. Kadoji suka zo, ba wanda ya san daga ina. Tsuntsayen da ba mu da sunansu suka sauka.

Mutumin nan ya karɓi ragonsa. Ya zaɓi fili daidai ƙarƙashin rabonsa, ya yi lambun albasa, ya gina gidan kwano. Shekara ashirin da uku ana nuna shi da yatsa ana yabo. Gindin ganuwar wajensa ba ya bushewa ko da rani, ya ce albarka ce, ya dasa ayaba a wurin. Albarka? Ruwa ne yake bin jikin itacen da ke ruɓewa, kaɗan-kaɗan, ba gaggawa. Wa ya koya wa ruwa haƙuri irin wannan?

Wata Alhamis bayan la'asar muka ji ƙara kamar ƙasa ta tsage. Ganuwa ta buɗe daidai rabonsa, ba ta taɓa na kowa ba. Kafin magariba ruwan gari duka ya tafi, ya tafi da lambu da rumbuna da gidan kwano. Da safe kadoji na tafiya a kan taɓo. A inda ƙofarsa take kuwa, ga gungume guda a kwance, baƙi ƙirin, da sarƙar jaki a ɗaure. Mutumin ya zauna kusa da shi. Bai ga kaka ba.

Ya 'yan uwa, abin da ka binne a aikin jama'a ba ya mutuwa, jiran ranarsa yake yi. Ka ɓoye wa injiniya, ka ɓoye wa Naba, za ka ɓoye wa Wanda ya halicci ruwa?

Yanzu ga shi muna sake ganuwar, an sake raba ta. Ranar kasuwar da ta wuce na ga amalanken Rasmane, mijin Sibdu, a gindin wani itace da iska ta kayar, rabonsu kuma ya yi tsawo da wuri. Ban ce komai ba, na dai gani.

Allah ya kiyaye mu daga son a ce, ya kiyaye bakinmu daga maganar banza, don a yarda da mu ranar da ta zama dole.

Mata suka ce amin, ban da Sibdu. Ta miƙe.

"Ina kuma za ki, 'yar nan? Gida?"

"Madatsa za ni, tsohuwar banza! Wa ke da fartanya?"

Ta fizgi fartanyar da ke bayan ƙofa, ta fita, ta buga ƙofar har ƙasa ta zubo daga rufi.